Yaron da ya san nisan rana amma babu mai jiransa lokacin tara

Ranar da mahaifiyarsa ta fara zuwa ofishina, ta ajiye katin sakamakonsa a kan tebur, ta ture shi gefe ko buɗewa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, karatunsa ba ya hana ni barci. Jiya da dare ya tambaye ni wai me ya sa in an fita tara kowa da mai jiransa a bakin ƙofa, shi ban da shi." Tana faɗa muryarta na rawa.

Shekararsa 8 a lokacin, yana aji uku na firamare. Ba zan ambaci sunansa ko na makarantar ba, na kuma sauya wasu ƙananan bayanai don kada a gane shi. Aikina shi ne ba ɗalibai da iyayensu shawara, na bi lamarin yaron nan tsawon shekara guda da 'yan watanni. Tun bai cika shekara huɗu ba ya iya karatu, babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Gwajin basira da wata ƙwararriya ta yi masa ya nuna maki sama da 145, a ma'aunin da 100 ne matsakaici. Waɗanda ke kai 130 a wannan ma'auni kusan biyu ne cikin ɗari, masu kai 145 kuwa ba su cika biyu cikin dubu ba. Ma'anar wannan a aikace ita ce, yana iya gama makarantar gaba ɗaya bai haɗu da tsaransa da ke tunani irin nasa ba.

Manya uku ke kewaye da shi, kowa da fassararsa. Malamar ajinsu ta ce girman kai ne da iyayi, yaro ba ya barin kowa ya yi magana sai ya gyara masa. Mahaifinsa ya ce ba ya ganin matsala, littafi ya ishe shi aboki, abokai ma su ke lalata yaro. Mahaifiyar kuwa ta riga ta sa shi a ƙungiyoyi uku bayan tashi daga makaranta, tana ganin yawan cuɗanya zai warware komai, shi kuma kullum ya dawo a gajiye, ya shige ɗaki.

Kafin in ce komai, na roƙi mako biyu in zauna a gefen filin wasa in kalla. Gani ya kori ji.

A rana ta uku yara suna buga ƙwallo, yana tsaye a bakin fili hannuwansa a baya. Ya kai minti biyar yana kallo, ƙafarsa na motsi duk lokacin da ƙwallon ta matso. Aka zura ƙwallo, aka kaure da ihu, sai kawai ya ratsa tsakiyar fili ya ɗaga hannu ya ce, "Ba ta ci ba, satar gida ce." Kuma gaskiyarsa ne, ni ma na gani. Wani ya juyo ya ce, "Farfesa, wa ya tambaye ka?" Ya fara bayanin dokar dalla-dalla, kafin ya kai rabi an ci gaba da wasa an bar shi yana magana shi kaɗai. Ya koma gindin bango ya zauna. Washegari na ga ya nufi wani yaro da ke ɗaure igiyar takalmi, babu sallama babu komai, ya ce masa, "Ka san hasken rana yana ɗaukar minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso mana?" Yaron ya ce "to", ya ruga da gudu.

A nan na fara fahimtar abin da malamar ta kira iyayi. Gyara da bayani su ne gaisuwarsa. Abin da ya fi daraja a wurinsa yake miƙa wa yara, kamar yadda yake miƙa wa manya su yaba masa. Shekara biyar ke nan manya suna tafa masa a kan wannan ɗabi'a, babu wanda ya taɓa gaya masa cewa a filin wasa ba ta ci.

Akwai binciken da Martha Putallaz da John Gottman suka wallafa a 1981 kan yadda yara ke shiga cikin rukunin da ya riga ya fara wasa. Sun lura cewa yaran da ake karɓa su ne masu tsayawa su fahimci abin da ake ciki, sannan su faɗi ko su yi abin da ya dace da shi. Waɗanda ake kora kuwa sukan jawo hankali zuwa kansu, ko su shigo da musu. Yaron nan ya iya rabin farko, yana tsayawa ya lura fiye da kowa. Rabi na biyun ne bai taɓa samun wanda ya nuna masa ba.

Da muka zauna ni da shi, na tambaye shi wane ne aboki. Ya yi shiru yana murza gefen rigarsa, can ya ce, "Wanda in na gaya masa abu ba zai kai wa wasu a yi mini dariya ba. Kuma in na yi kuskure ba zai daina zama da ni ba." Na yi wa wasu 'yan ajinsu wannan tambaya a wani lokaci daban, amsarsu ba ta wuce "wanda muke wasa tare" ko "wanda yake ara mini fensir" ba. Duka amsoshin daidai ne, sai dai tsakaninsu akwai shekaru. Miraca Gross, wadda ta kasance malama a Jami'ar New South Wales da ke Ostareliya, ta yi nazarin yadda yara ke fahimtar abota, ta ga suna hawa mataki-mataki: daga abokin wasa, zuwa abokin hira, zuwa mai taimako da ƙarfafa gwiwa, zuwa wanda ake buɗe wa ciki, har zuwa aminin da ake fakewa a wurinsa ba tare da tsoron ya juya baya ba. Ta gano cewa yara masu baiwa sukan riga tsararsu hawa waɗannan matakai da shekaru. Yaronmu amini yake nema a cikin yaran da abokin guje-guje kawai suke so.

Amma kada a ɗauka ya girmi shekarunsa ta kowace fuska. In aka cinye shi a wasa yakan fashe da kuka ya watsar da kayan kamar ɗan shekara biyar. Rubutun hannunsa ma bai kai na wasu 'yan ajin ba. Wannan rashin daidaito shi ne abin da wasu masana da iyaye, da aka fi sani da rukunin Columbus, suka sa a tsakiyar ma'anar baiwa a 1991: tunani ya yi gaba, jiki da zuciya suna tafiya a nasu saurin. A jikin yaro ɗaya za ka tarar da mai shekara 13 da mai shekara 8 da mai shekara 5, kowanne da lokacin da yake fitowa.

Ina so in tsaya a kan wani abu, don na sha jin ana cewa hazaƙa ita ke jawo kaɗaici, kamar wata cuta. Binciken Lewis Terman na Jami'ar Stanford, wanda ya fara a 1921 da yara kusan 1,500 ya bi su har tsufa, ya nuna yawancinsu suna zaman lafiya da mutane, ba su fi kowa matsala ba. Leta Hollingworth ta Jami'ar Columbia ita ce ta lura da inda gizo ke saƙar. Ta ce tsakanin maki 125 da 155 yaro yakan samu sauƙin mu'amala, har ya zama jagora, amma can sama sosai sai samun abokin da za su fahimci juna ya yi wuya. Littafinta kan yara 12 masu maki sama da 180 ya fito a 1942, bayan rasuwarta. Abin da na ɗauka daga wurinta shi ne tazarar da ke tsakanin yaro da waɗanda aka zaunar da shi cikinsu ita ce matsalar, kuma tazara abu ce da manya za su iya ragewa. Mun kuma tura shi wurin likitar ƙwaƙwalwar yara don a duba ko akwai larurar galahanga, wato otizim, ko matsalar tattara hankali, domin baiwa ba ta hana su, wani lokaci ma takan ɓoye su. Ba a samu ko ɗaya ba. A gida, da ɗan yayar mahaifiyarsa mai shekara 14, hira suke har da barkwanci, yana gane fuska yana gane zolaya.

Matakin farko da na ɗauka bai yi aiki ba, kuma laifina ne. Na sa shi cikin rukunin yara shida da nake koya wa dabarun zama da mutane: kallon mai magana, jiran layi, tambayar ra'ayin wani. Cikin mako ɗaya ya haddace komai. A mako na biyu ya fara kama sauran da laifin karya dokokin. Na ba shi sabon littafin doka ne kawai. A daidai lokacin malamarsa, da kyakkyawar niyya, ta ɗora shi a kan duba aikin waɗanda ba su gane lissafi ba. Wannan ya ƙarasa mayar da shi saniyar ware, don yanzu ya zama ɗan sandan malama. Na roƙe ta ta janye, ta kuwa janye.

Sai na juya tsarin. Na daina neman abin da zan koya masa, na fara neman mutum.

Na same shi a aji biyar. Yaro ne ɗan shekara 10, ba ya cikin na gaba-gaba a jarrabawa, amma aljihunsa kullum cike da waya da ƙananan ƙwan fitila da matattun batura. Ba ya da yawan magana. Malamin kimiyya ya yarda ya haɗa su aikin da za a baje a ƙarshen zango: su ƙera hoton rana da duniyoyin da ke kewaya ta, ranar tana haske. Ranar farko ina zaune a bayan ɗakin. Namu ya zana yadda wutar za ta bi daga batir zuwa ƙwai ta dawo, ya yi bayanin komai ba kuskure. Da aka zo murɗa wayar sai yatsunsa suka ƙi. Ya gwada sau uku tana zamewa, na ga leɓensa ya fara rawa, na san abin da ke tafe. Babban bai ce masa komai ba, ya miƙa hannu ya ce, "Kawo. Riƙe mini nan." Ya riƙe. Ƙwan ya kama. Suka kalli juna suka yi dariya. Tun da na san shi, ran nan ne na fara ganin ya buƙaci wani yaro, kuma na fara ganin wani yaro ya saurari bayaninsa har ƙarshe, don babban ya tambaye shi dalilin da ya sa Mushtari ta fi sauran girma, ya kuma tsaya ya ji labarin watanninta huɗu da masanin taurari Galileo ya hango a 1610.

Mako uku abin yana tafiya, sai bango ya tsage. A gaban wasu 'yan aji biyar babban ya ce babban batir ya fi ƙarami ƙarfin wuta. Namu ya ce, da ƙarfi, "Kai ba ka san komai ba, duka bolt ɗaya da rabi ne, babban daɗewa kawai yake yi." Aka yi wa babban dariya. Washegari bai zo ɗakin kimiyya ba, jibi ma haka.

A rana ta uku namu ya shigo ofishina ba sallama, fuska jiƙe. "Malam, ai gaskiya na faɗa." Na ce masa gaskiya ya faɗa, ban kuma rage mata komai ba, don yaro irin wannan in ka yi masa wasa da gaskiya ka rasa shi. Sannan na tuna masa amsar da ya ba ni watanni biyu baya, cewa aboki shi ne wanda ba zai sa a yi maka dariya ba. Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Ni na yi masa."

Duk abin da na kasa koya masa a rukunin yara shida, a mako ɗaya ya shiga, don yanzu akwai wanda yake tsoron rasawa. Muka tsara abin da zai riƙa tambayar kansa kafin ya gyara wa wani: in na ƙyale, akwai wanda zai cutu? In babu, zai iya jira sai mun keɓe? Na nuna masa bambancin "ba haka ba ne" da "ni na karanta wani abu daban, mu gwada mu gani". Muka gwada ban haƙuri sau da yawa ina matsayin abokin, kuma duk lokacin da ya ce "yi haƙuri, amma" sai in tsayar da shi mu sake. Kalmar "amma" ɗin nan ta ci mana kusan rabin awa. Da ya je, ya tafi da batura biyu, babba da ƙarami, ya ba da haƙuri, ya ce su gwada tare. Babban ya karɓa.

Daga nan aikin ya koma gida. Na ba mahaifiyar shawarar ta rage ƙungiyoyin nan uku zuwa ɗaya, ta mai da ƙarfinta kan gayyatar yaro ɗaya tak zuwa gida. Fred Frankel na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles ya gina shirinsa na koyar da abota a kan irin wannan ziyara ta mutum biyu, domin a nan abota ke kafuwa, cikin taro sai dai a saba fuska. Ziyarar gajera ce, awa ɗaya ko ɗaya da rabi, an kashe talabijin an ajiye waya, baƙo shi ke zaɓar abin da za a yi, a kuma rabu tun ana jin daɗi. Ita tana ɗakin kusa tana ji, ba ta shiga sai ta kama. In ta ji ya fara dogon jawabi takan kira shi kamar za ta aike shi, ta raɗa masa, "Tambaye shi nasa." Bayan baƙo ya tafi su tattauna abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da za a gyara, ba ƙari.

Mahaifin ya fi wuyar shawo kai. Abin da ya juya shi shi ne ranar da ya ga ɗansa ya watsar da wasan allo don an cinye shi, a gaban baƙon. Ya kira ni ya ce, "Malam, ashe ni kullum barinsa nake ya ci." Daga ranar suka fara wasa kowane dare, uban yana ci in ya ci, yana kuma nuna masa yadda ake karɓar kaye: ya ce "ka iya", ya tattara kaya, ya nemi a sake. An yi kuka a makonnin farko. A hankali kukan ya koma tsuke baki.

Maganar aji ta taso, dole. Mahaifin yana so a tsallakar da shi aji biyu, malamar tana ganin hakan zai ƙara raba shi da yara. Tsoron nan nata ya yaɗu a tsakanin malamai, amma bincike bai goyi bayansa ba. Rahoton da Jami'ar Iowa ta fitar a 2004 kan tsallake aji ya tattara shaidar shekaru da dama cewa in an zaɓi yaron da kyau, an kuma shirya, zamantakewarsa ba ta lalacewa. Gross ma, a cikin yaran da ta bi masu maki 160 zuwa sama, ta ga waɗanda aka matsar gaba sun fi samun abokai a kan waɗanda aka riƙe tare da tsararsu. Duk da haka ban goyi bayan tsallake biyu a lokaci ɗaya ba, saboda rubutunsa da kuma kukan nan. Muka tsaya a tsakiya: lissafi da kimiyya yana zuwa aji biyar, sauran darussa yana ajinsu. A aji biyar ba shi ne mai amsa kowace tambaya ba, kuma hakan ya sauke masa wani nauyi da shi kansa bai san yana ɗauke da shi ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya zo ne lokacin da kowa ke ganin an gama. A zango na uku malamarsa ta tare ni da murna ta ce yanzu ya zama kamar kowa, ya daina ɗaga hannu, har faɗuwa ya yi a gwaji biyu. Na karɓi takardun. Tambayoyi masu wuya ya amsa su daidai, masu sauƙin ne ya ɓata, kuma a ƙarƙashin amsa ɗaya ana ganin inda ya rubuta daidai ya goge. Da na nuna masa ya sunkuyar da kai ya ce, "In na ci duka sai su ce Farfesa." Gross ta rubuta kan wannan tun 1989, yadda yaro mai baiwa ke jin an tilasta masa zaɓi tsakanin a so shi da ya yi abin da ya iya. Ni ina ganin wannan ya fi kaɗaicin farko haɗari, don ba ya ƙara, manya ma yabonsa suke yi. Kuma ina da hannu a ciki: na koya masa yin shiru, ban bayyana masa iyakar shirun ba. Na ce masa jinkirta gyara ladabi ne, amma rubuta abin da ka san ba daidai ba ne ƙarya ce, kuma ƙarya ce a kan kanka. Na tambaye shi ko abokinsa ya taɓa neman ya rage sani. Ya ce a'a, shi ma tambayarsa yake yi. Malamar ta daina karanta maki a bainar aji, ta fara mayar da takardu a kife. Makin ya dawo cikin wata guda.

Ƙwallo kuwa ya shiga daga baya, ta ƙofar da ba kowa ke so ba. Na nuna masa ya jira sai an tsaya, ya duba ɓangaren da ba su cika ba, ya ce zai tsare musu gida. Gola ba ya rasa wuri. Ba gwani ba ne, har yanzu in an yi satar gida ina ganin yadda yake cije leɓe, wani lokaci kuma bakin ya suɓuce. Suna kiransa Farfesa har yau, sai dai sautin ya sauya, shi ma yana amsawa.

Ba zan ce ya zama ɗan gaban goshin aji ba, ban kuma taɓa sa wannan a gaba ba. Binciken da Ernest Hodges da abokan aikinsa suka wallafa a 1999 ya nuna cewa amini ɗaya yana rage wa yaro tsangwama da kuma illar da take bari a zuciya. Yana da ɗaya, da wasu biyu da yake gaisawa da su su yi wasa. Mahaifiyar ta ce yanzu in an fita tara babban yakan biyo ta ƙofar ajinsu.

Abin da ya rage a gabanmu shi ne abokin zai gama firamare ya wuce sakandare, namu kuma yana da saura. Shi ya fara kawo mini maganar, da kalanda a hannu ya ƙirga makonnin. Iyayen biyu sun amince ziyarar ƙarshen mako za ta ci gaba, za a kuma sake duba batun tsallake aji gaba ɗaya a ƙarshen shekara, yanzu da rubutun ya gyaru kukan ya ragu. Malamin kimiyya ya gaya mini akwai wata yarinya a aji huɗu da ke zana siffar wata kowane dare a bayan littafinta, ita ma ita kaɗai take zama. Na nemi a haɗa su uku a aikin zango mai zuwa, tun babban yana nan.